Kaltume Mai Nono da Makarantar Gizagizai

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a rumfata ta bakin tashar Dogarawa, ina cajin salula, ina tura wa mutane waƙa da wa'azi a kati, kuma a duk tsawon nan ban taɓa jin Kaltume ta kira sunan ƴarta ta fari ba. Sunan yarinyar Zulaiha. Ni nake faɗa muku, don in kuka ce sai kun ji daga bakin uwarta, za ku tsufa a tsaye.

Ni sunana Rabo. Ba'are ne, ita kuma Bafillata, wato taubasai muke, ina da ikon in faɗa mata duk abin da ya zo bakina. Nakan ce mata nononta rabi ruwan rijiya ne, ita kuma ta ce ai Ba'are bai san nono ba sai ya ga fari. Da haka muke gaisawa duk ranar kasuwa. Takan ajiye ƙwaryarta a inuwar rumfata saboda masu jiran caji mutane ne masu ƙishirwa.

An haife ta a wata ruga can wajen Bazaga, aure ya kawo ta gidan Sajo, arewa da garinmu, tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙasa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in tana tafe da ƙwarya a kai ba ta waiwaye. Da an gama girbi Sajo yake kora garke ya yi kudu tare da ɗansu Amadu, ba a sake ganinsu sai ruwan fari ya sauka. Yakan bar mata shanu uku na tatsa. Wata bakwai ke nan a kowace shekara tana dafa abincin da bai cika tukunya ba.

Kunyar ɗan fari mu ma muna yin ta, amma tamu wasan yara ce in aka gwada da ta gidan su Kaltume. Da aka yaye Zulaiha sai aka miƙa ta ga Iya, uwar Sajo, wadda bukkarta ba ta fi taku goma daga ta Kaltume ba. Tun daga ranar uwa ba ta kiran ƴa, ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta yabonta, ba ta tambayarta abin da ke damunta. In ta kama dole a ambace ta sai ta ce “waccan”. In ta dama fura mai kyau sai ta ajiye ƙoƙon a ƙofar Iya, ta ce wa iska ga saura nan kada ya lalace. Iya ce bakin da ke tsakaninsu. Ita ce ma ta kai yarinyar lakwal, wato makarantar boko, duk rugar na yi mata dariya.

Dariyar ta tsaya shekarar da Zulaiha ta wuce duk yaran gundumarmu a jarrabawa. Aka ɗauke ta zuwa wata lakwal ta kwana a Tawa, irin wadda ake tace yara kafin a ɗauka, kuma kowace shekara a sallami na ƙasa. Shekararta goma sha uku. Amma kafin ta tafi, a tsakiyar damina, Iya ta kwanta kwana huɗu ta rasu. Aka bar uwa da ƴa a gida ɗaya babu mai kai magana.

Bayan hutun farko da mako uku, wata ranar kasuwa, salulata ta yi ƙara. Zulaiha ce, ta ari wayar mai dafa musu abinci. Na miƙa wa Kaltume, ta janye hannu kamar na miƙa mata garwashi. Sai na buɗe murya na ajiye wayar a kan tebur.

“Kawu Rabo,” in ji yarinyar, “ka ce ma mutanen gida ni na gaji. Ba mai zama kusa da ni wurin cin abinci. Sun ce ina warin nono. Nan kowa littahinai yaka ɓoyewa kada wani shi gani. In anka yi hutu na gaba, na zo ke nan.”

Tana magana tana jan hanci. Na dubi Kaltume, na ga ta duƙufa tana goge ludayin da yake a goge. Na ce mata ta faɗi ko kalma ɗaya. Ta yi kunnen uwar shegu da ni har wayar ta katse. Ranar na ji haushinta ƙwarai, na ce mata shanunta sun fi ta tausayi, don saniya ko ba komai tana lasar ɗanta. Ba ta rama ba, abin da ba ta taɓa yi ba ke nan. Ta tafi da sauran nono ba ta sayar ba.

Kasuwa ta zagayo sai ga ta da ƴar akuya a igiya. Ta sayar da ita, ta zo ta nuna ƙaramar rediyo mai cin kati da ke rataye a rumfata, ta ce in ba ta. Sannan ta tsaya tana kallon ƙasa.

“Wanga abu da kaka sa muryar malamai ciki, shina ɗaukar ta kowa?”

“Har ta Fulani shina ɗauka, in ya daure.”

“Ina da wani labari. Na yara na.”

Na ce tatsuniya da rana tsaka, ba ta tsoron ɓata a hanya? Ta ce ba tatsuniya ba ce, labari ne. Na shigar da ita ɗan ɗakin da nake ajiye batura a bayan rumfa, na juya mata bokiti ta zauna, na ɗora salula a kan kwali, na danna. Na yi niyyar fita, amma jimla biyu ta yi na samu wuri na tsuguna.

Labarin wata yarinya ce mai kiwo da guguwa ta ɗauke ta kai ta wata makaranta a saman sama, inda ake koya wa yara korar gizagizai zuwa garuruwan da ke jiran ruwa. Ƴan makarantar duk ƴaƴan manya ne, wannan ɗan Tsawa, waccan ƴar Walƙiya, wancan jikan Gulbi. Kowa da bulalarsa ta wuta da ya gada a gida. Duk ƙarshen wata ana auna ruwan da girgijen kowa ya zubar, wanda nasa ya fi ƙaranci a ɗaure masa kayansa a sauke shi ƙasa. Yarinyar ba ta da bulala. Sandar kiwo kawai gare ta, kuma zanenta na warin hayaƙi, saboda haka a bakin ƙofa take kwana, a nan take cin abincinta. Ba ta da suna a labarin. Daga farko har ƙarshe “waccan” ce.

Ban san Kaltume ta iya haka ba. Macen da ba ta haɗa jimla uku a jere, ga ta tana yin muryar Tsawa tana yin ta tsohuwar da ke sharar sama. Ba ta kallon salular, bango take kallo. Can wajen minti ashirin ta tsaya cak, ta ce ya isa na yau. Na zuba a kati, na sa a rediyon, na ce ta kawo in ba direba.

“Bar shi. Hanyata ta.”

Ta ƙulle rediyon a tsumma ta nufi wajen motocin Tawa. Na san wa za a kai wa, ta san na sani, kuma babu wanda ya ce komai. A lokacin har daɗi na ji, ina ganin na iya zama da Fulani.

Haka muka yi ta yi, duk mako biyu kati ɗaya. A na biyu yarinyar ta zo ta ƙarshe saura kaɗan, ta kwana da yunwa. A na uku ta lura cewa gizagizai na gudun bulala suna watsewa, shi ya sa ruwan ƴaƴan manya yake zuwa da ƙarfi ya wuce da wuri. Sai ta fara zama kusa da su da safe tana kallonsu, ta gane wannan mai tsoro ce, wancan mai taurin kai ne, waccan tsohuwa ita sauran ke bi. Ta raɗa musu sunaye irin na shanu. A na huɗu ta yi kira irin na makiyaya, tsohuwar girgije ta juyo, garken duka ya biyo ta. Kiran nan Kaltume da gaske ta yi shi a ɗakin batura, har awakin kasuwa suka amsa, kuma kukansu yana nan a cikin katin. Babu inda ta ce yarinyar ta yi haƙuri. Abin da take maimaitawa kawai shi ne, waccan ba ta sauko ba.

Na tambaye ta ko in tura wa mutane, ta ce ba ruwanta. Kafin wata biyu yara na zuwa da katin iyayensu suna cewa a sa musu labarin Waccan. Masu kai albasa daga Galmi suka tafi da shi, wani mai kabu-kabu ya ce mini ya ji shi a wani shago a Ƙonni. Ita kuwa ba abin da ya canja. Takan gama, ta ɗaure katin a tsumma, ta kai tasha, ta ɗauki ƙwarya ta kama hanyar ruga ita kaɗai. Wani lokaci takan tsaya a bakin rumfa ta ce, “Ba a kira ba?” In ce ba a kira ba. Ta ce to, shiru ma labari ne. Ni ma haka na ɗauka, ina cewa yarinya ta samu abin da ya riƙe ta.

Ƙarshen watan Maris, zafi ya fara gasa mutane, motar Idi direba ta tsaya da azahar. Zulaiha ta sauko. Na ga an sauke akwati, an sauke bokiti, sannan aka kwanto katifa daga saman mota. Mai zuwa hutun mako biyu ba ya tahowa da katifa.

Ta rame, ta yi tsawo. Ta durƙusa ta gaishe ni. A lokacin kuwa labarin ne ke tashi a lasifikar rumfata, wasu mata biyu na saurare suna jiran wayoyinsu.

“Kawu, don Allah kashe wanga abu.”

“Ke da anka yi ma shi? Ko kin ƙoshi?”

Ta ɗago ta dube ni. Ban taɓa ganin yarinya ta yi wa babba irin kallon nan ba.

“Ni anka yi ma? Na Karima na.”

Karima ɗiyar sakataren gundumarmu ce, ita ma a lakwal ɗin take, aji ɗaya gaba da Zulaiha. Na ce ta zauna ta yi mini bayani. Ta ce tun watan Janairu ake kawo wa Karima kati duk mako biyu, har da sabuwar rediyo, ita kuma Karimar ta zaci gwaggonta ce ke aikowa. Ranar Lahadi bayan abincin rana ake barin su kunna rediyo, sai duk ƴan ɗakin su taru a gadon Karima. Gadon Zulaiha na bakin ƙofa. Tun kalmar farko ta gane muryar. Da fari ƴan matan dariya suke yi, suna kwaikwayon Hausar Fulani, daga baya suka daina dariya, har ana faɗa in wata ta yi tari. Wata ta taɓa juyowa ta tambaye ta ma'anar kiran shanun nan, ta ce ba ta sani ba.

“Na juya ma bango ina ji,” in ji ta. “Na ce ashe ta iya labari haka. Shekara goma sha ukku ba ta ba ni ko guda ba, sai ɗiyar sakatare taka yi ma.”

Na bar ta nan na tsallaka tasha, na samu Idi yana zuba wa mota ruwa. Na yi masa tas a gaban fasinja. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Rabo, matar nan ta ce mini in kai ma ɗiyar garinmu da ke lakwal. Na ce wace? Ta ce waccan dai. Ni ɗiyar Dogarawa guda na sani can, wadda ubanta ka ba ni saƙo duk wata. Ko takarda babu jikin tsumman.”

Gaskiyarsa. Alƙalami na rataye a rumfata da zare, ambulan na cikin kwali. Sau biyar kati ya fita daga hannuna ban rubuta komai ba, ina taya ta kunya, ina jin kaina mai hankali. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ba rashin sani ba ne, sakarci ne.

Na dawo na gaya wa Zulaiha komai. Na ce mata ranar da ta kira uwarta na tsaye a nan tana ji. Na gaya mata akuyar da aka sayar, na nuna mata bokitin da ake zama a kai. Na shigar da ita ɗakin batura, na ba ta abin sa wa a kunne, na jera mata kashi biyar ɗin daga kwamfutata. Ta shiga bayan azahar, ba ta fito ba sai da aka yi la'asar aka watse. Idanunta sun kumbura.

“Ina sauran? An tsaya ranar babban awo.”

“Ba ta yi ba tukuna. Kuma in kina gida ba ta yi, tunda ba inda za ta aika.”

Ta ɗauki akwati da bokiti. Katifar kuwa ta ce in ajiye mata, za ta aiko a ɗauka. Na jingine ta bayan ƙofa, kullum in na buɗe rumfa ita nake fara gani.

Ranar kasuwa Kaltume ta zo. Ban yi mata wasan nono ba. Na gaya mata abin da ya faru tun ƙwaryar na kanta. Ta tsaya a haka har na gama.

“Rediyon ma?”

“Rediyon ma.”

“Amma ta ji?”

“Ta ji. Daga bakin ƙohwa, cikin rediyon wata.”

Ta sauke ƙwaryar a hankali ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarmarta ba. Na ce ta zage ni, na ce ta je gida ta kama hannun ƴarta ta faɗa mata da baki, duniya ba za ta tashi ba. Ta girgiza kai. Ta ce uwarta ba ta yi mata ba, kakarta ba ta yi wa uwarta ba, ita ba ta san ta inda ake farawa ba. A nan tausayinta ya kama ni fiye da na yarinyar, don yarinyar ko ba komai tana da kuka.

Abin da ya gudana a ruga cikin mako biyun nan ban sani ba. Wata maƙwabciyarsu, Asma'u, ta ce mini tana ganinsu da safe suna tatsa, wannan a saniya ɗaya waccan a ɗaya, ba mai cewa komai. Ba a aiko ɗaukar katifa ba, ba a kuma ce in kai ta mota ba.

Ranar komawa ta faɗo ranar kasuwa. Da hantsi na hango Zulaiha da akwati a kai. Ta gaishe ni, ta shiga da kanta ta ɗauko katifar, ta tsallaka ta miƙa wa Idi ya ɗaure a sama. Kaltume na can ƙetaren titi wajen masu tsire, inda ba ta taɓa zama ba, ta ba motar baya tana auna wa wani nono. Yarinyar ta shiga ta zauna a gefen taga. Motar ta yi kusan awa kafin ta cika, kuma duk tsawon nan uwar ba ta juyo ba, ƴar ba ta ɗaga hannu ba. Ni ne na yi ta ɗaga hannu kamar wawa.

Sai da ƙurar motar ta kwanta sannan Kaltume ta tsallako. Ta wuce ni ta shiga ɗakin batura ta zauna. Ranar ta yi kashi na shida, kuma ba ta kai yarinyar labarin gida ba. Ta bar ta can sama, ta ci awon watan, an matsar da shimfiɗarta daga bakin ƙofa, tana kora garkenta zuwa wasu garuruwa masu nisa da ba ta taɓa jin sunansu ba.

Na zuba a kati. Ta miƙo hannu da tsummanta, na ce a'a. Na ɗauko ambulan, na sa katin, na manne, na rubuta sunan Zulaiha da manyan baƙaƙe a gabanta. Ta matso tana kallo.

“Wanga shi na?”

“Shi na.”

“Daga ina ya hwara?”

Na nuna mata farko, na nuna mata ƙarshe. Ta karɓi ambulan ɗin da hannu biyu, ta daɗe tana dubawa, ta bi layin da ɗan yatsa har sau biyu. Leɓenta bai motsa ba.

“Ashe gajere na,” ta ce.

Motar Idi sai jibi za ta sake hawa Tawa, saboda haka na ce ta bar shi a wurina. Ta ce a'a, zai kwana gida. Ta soke shi a cikin zane, ta ɗora ƙwarya, ta kama hanyar ruga.